Abin da gwajin ƙarshen wasa ya koya mini

Wannan makon nake ajiye aiki a sashen gwaji na kamfaninmu mai ƙera wasannin bidiyo, kuma tunda mai tafiya kan bar 'yan kalmomi ga na baya, ga nawa. Ba zan tsaya kan yadda ake rubuta rahoton kurakurai ba, kun fi ni sani. Maganar ƙarshen wasa zan yi, wato abin da ɗan wasa ke tararwa bayan labari ya ƙare, jaruminsa ya kai ƙololuwar mataki, ya ce to, yanzu kuma sai me?

Waɗanda suka daɗe a nan sun san yadda aka gina wasanmu. Sa'o'in farko an zuba musu kuɗi da basira, don su ne ke fitowa a bidiyon talla, su ne kuma masu sharhi ke bugawa kafin su ba da maki. Ƙarshen kuwa sai da aski ya zo gaban goshi aka tuna da shi. Lokaci ya ƙure, masu zane sun koma wani aikin, sai shugaban sashen tsara wasa ya kawo mafita: a ɗauko dodannin farko, a sauya musu launi, a ninka musu jini da ƙarfin duka, a laƙaba musu sabon suna. A jadawalinsa aikin bai wuce sauya lambobi ba.

Ni aka ɗora wa gwajin. Kun tuna dodon nan mai gatari na kogon farko? Salon faɗansa uku ne: ya saro daga sama, ya sharo ta gefe, sai ya ja da baya ya yi ruri, a nan ne kake samun damar kai masa sara. A ƙarshen wasa shi ɗin ne dai, an mai da shi ja. Salon nan uku bai ƙaru ba. Bambancin kawai, yanzu sara ɗaya ya gama da kai, kai kuwa sai ka yi ta jibgarsa har babban yatsanka ya yi tsami. Wanda ya iya kauce masa a awa ta farko babu abin da ya rage ya koya, haƙurinsa kaɗai ake aunawa. In ya faɗi, ƙasa ta cika da takubba da sulke, ka tsaya kana dubawa ɗaya bayan ɗaya, ba ko guda da ya kai wanda ke jikinka.

Na rubuta rahoto, ban kuma rubuta shi da ka ba. Na kawo misalin wasan Diablo III na 2012, inda matakin Inferno, mafi wahala a wasan, ya kasance duka ɗaya ko biyu ka mutu, kayan kirki kuma ba sa faɗowa, har 'yan wasa suka koma kasuwar gwanjon cikin wasan, wadda a wani ɓangarenta da kuɗin gaske ake sayen makami. Ta kai hanya mafi sauri ta samun takobi ita ce ka daina yaƙi ka zauna ciniki. Sai da Blizzard, kamfanin da ya ƙera wasan, ta rufe kasuwar a watan Maris na 2014, ta sake tsarin ganima gaba ɗaya, sannan wasan ya farfaɗo da ƙarin da aka yi masa mai suna Reaper of Souls. Na kawo Dark Souls na 2011, wasan da kowa ke yabo, amma ka tambayi masoyansa game da Lost Izalith, filin narkakken dutsen nan da aka jera dodo iri ɗaya rututu, ka ji abin da za su ce. Sannan na nuna inda aka dace: a Path of Exile ɗan wasa ne da kansa ke ƙara wa taswirarsa haɗari, in ya ƙara, ganima ta ƙaru. Shawarata ba ta da tsada. Kowane dodo da aka maimaita a ba shi sabon salo guda ɗaya, a kuma bar ɗan wasa ya zaɓi nauyin da zai ɗauka.

A taron da aka duba rahoton, shugaban ya karanta shafin farko ya ajiye. Ya ce, "Malam, aikinka ka gaya mana inda wasa ya karye, ba inda ya gundure ka ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, gundurar ma karyewa ce." Aka yi dariya, ya rufe rahoton da cewa haka aka tsara.

Hujjarsa ba ƙarya ba ce baki ɗaya, wannan dole in faɗa. Duk wanda ya taɓa duba lambobin nasarar da 'yan wasa ke samu a Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta, ya san masu kaiwa ƙarshen wasa ba su kai masu farawa ba, nesa ba kusa ba. Abin da ya ƙi gani shi ne su waye 'yan kaɗan ɗin. Su ne masu rubuta dogon sharhi, su ne masu nuna wasan a YouTube da dandalin yaɗa bidiyo kai tsaye na Twitch, su ne masu sayen ƙarin da za a fitar daga baya. Wanda ya buga awa biyar ya tafi ba ya gaya wa kowa komai.

Sauran kun gani da idonku. Makon farko da fitowar wasan yabo, daga nan ƙorafi ya fara kwarara, duk a kan abu ɗaya. Da manya suka kira taro, mutumin nan ya shafa wa idonsa toka ya ce sashen gwaji bai ankarar da shi ba. Na buɗe rahoton, ga kwanan wata, ga sunansa a wurin rufewa. Aka ce ba lokacin tone-tone ba ne, a fuskanci gaba. Da babban gyara ya fito, dodanni sun sami sabon salo, ɗan wasa yana zaɓar haɗarinsa, sanarwar kuma ta yaba wa hangen nesan shugaban sashen tsara wasa. Ba na riƙe da shi. Ina dai son sababbi su san inda tunanin ya fito.

Sauran darussan gajeru ne. Maimaici ba shi ne matsala ba: a Diablo II mutane sun shekara suna kashe manyan dodannin nan Mephisto da Baal ba gajiya, don zagayen gajere ne kuma akwai ran samun abin kirki. Kada a magance raunin ƙarshen wasa da rage wa jarumai ƙarfi. Diablo IV ya gwada haka a Yulin 2023, dab da fara kakarsa ta farko, wato zangon wasa mai sabbin abubuwa, sai da maƙeran wasan suka fito bainar jama'a suna lallashi. Duk rahoton da aka rufe maka, ka ajiye kwafinsa.

Kuma don Allah ku daina gwada ƙarshen wasa da jarumin da aka cika wa kaya ta bayan fage. Da irinsa komai zai yi maka daɗi, ba za ka taɓa jin abin da mai tsohon sulke ke ji ba. Jaruman da na raina da hannu tun daga matakin farko suna cikin rumbun ajiyar bayanai na sashe, wanda zai gaji teburina kada ya bari a goge su don neman wuri.