Giyabos ɗin Ford a cikin Morris ɗin kawu: inda aka kwana

'Yan'uwa masu koyo, kun ji ni shiru kwana biyu. Ina nan ƙarƙashin Morris Minor 1000 ɗin nan ta 1967 da na gada wurin kawu, mai sitiyari a dama, tun ta zamanin da ba a koma tuƙin hannun dama ba a 1972.

Ga waɗanda ba su ji farkon zancen ba: injinta 1098cc ne, giya huɗu, ta ɗaya kuma ba ta da sinkuro, sai ka tsaya cik take shiga ba ƙara. Aksul ɗin baya 4.22 ne, wato firofela, sandar da ke kai ƙarfi ƙafafun baya, sai ta juya sau 4.22 taya ke juyawa sau ɗaya, shi ya sa a gudun kilomita 80 injin ke juyi wajen 3,100 a minti, yana kuka kamar injin markaɗe. Giyabos ɗin Ford Sierra da ake kira Type 9 yana da giya ta biyar mai 0.82, wadda za ta sauke wannan juyi zuwa wajen 2,550. Abin da nake nema ke nan, ba tsere ba.

Mako na ɗaya da na biyu. Na sayo giyabos a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano, na dawo ina murna, ashe na injin V6 ne, sandar gabansa, wadda ke shiga kuloci, ta fi ta mai silinda huɗu tsawo. Laifina ne, ban tafi da abin awo ba. Da ƙyar aka yi mini musaya, na cika kuɗi.

Mako na uku zuwa na biyar. Nan aikin yake. Alherin Type 9 shi ne ƙoƙon gaba, wanda ke rufe kuloci, kusoshi huɗu ne suka riƙe shi. Na kwance na Ford, na ɗaura na alminiyon da wani ɗan'uwa ya aiko daga Ingila, wanda ramukansa suka dace da bayan injin Morris. Na ɗauka an gama. Ina! Sandar Ford haƙora 23 gare ta, faifan kulocin Morris 10, dole aka nemo faifai mai cibiyar Ford wanda zai zauna a filawil ɗina, wato faifan ƙarfen bayan inji da kuloci ke kamawa. Sai kuma bakin sandar, milimita 15, alhali bushin da ke gindin karanshaf, zoben da bakin sandar ke shiga, rabin inci ne, wato milimita 12.7. Wannan ɗan bambanci ya ci mini kwana tara.

Wani bakanike ya ce a ɗora a ja da noti, zai shiga da kansa. Na ce masa, "Oga, a yi haƙuri, a bar mini kayana." Abin da aka ja da ƙarfi ya shiga, kan hanyar Zariya yake fitowa. Wurin mai injin tona, wato injin feƙe ƙarfe, na kai sandar, ya rage bakin sandar a hankali, muna gwadawa da sabon bushi har ya shige da turin hannu, ba lilo. Da muka ɗora giyabos, ƙoƙon ya manne da injin tun ban taɓa sifana ba. Wallahi ranar na fi jin daɗi a duk aikin nan.

Mako na shida. Mai walda ya gyara ƙarfen da ke tallafe giyabos, an yanke firofela an sa mata bakin Ford, an daidaita ta kada ta yi rawa. Murfin ƙasan Morris da ke kan giyabos da kusoshi yake, ban yanka bodi ba, murfin kawai na faɗaɗa. Ku lura da rak ɗin sitiyari, dab da saman ƙoƙon yake wucewa.

Batun mai: tsohon giyabos baƙin mai na inji yake sha, wannan kuwa 75W90. Kuma Ford ba su yi masa ramin zubar da mai ba, don haka ku juye tsohon tun yana ƙasa. Ni sai da na zuƙe nawa da tiyo.

Jiya na kai Kwanar Dangora na dawo. A giya ta biyar har rediyo ake ji, amma da ɗan hawa ya zo sai ta nemi ta huɗu, doki 48 ne kawai a injin. Saura biyu: sandar giya ta ja baya tana gogar hambirki a ta biyu da ta huɗu, allurar maleji kuma ƙarya take yi. Ranar Asabar zan bi bayan motar maƙwabcina in ga nawa take ƙarawa.