Abin da hantsar akuya mai shayarwa ta koya mini

Lokacin da na fara aiki a wata gonar awaki da ke bayan garin Zariya, na zo da wani zato wanda na ɗauka gaskiya ce tsantsa, wato akuyar da 'ya'yanta ke tsotsa ba ta da abin fargaba game da hantsarta, tun da suna kwashe madarar sau da yawa a yini. Gonar tana kiwon jajayen awaki irin na Sakkwato da Maraɗi, da waɗansu da aka yi wa barbara da Saanen, irin ƙasar Suwizalan mai yawan madara. Idan 'ya'ya suka kai mako biyu, sai a riƙa raba su da iyayensu da dare, a tatsi iyayen da asuba, sannan a sake su su yini tare. Tsarin yana da kyau, kuma har yau ina goyon bayansa, amma ya koya mini cewa bakin ɗan akuya ba ya maye gurbin hannun mai kiwo.

Darasin farko na same shi ne daga wata akuya da ta haifi ɗa guda. Hantsar akuya gida biyu ce, kowane gida da kan nononsa, kuma madarar wannan ba ta ratsawa zuwa wancan. Ɗan nan ya zaɓi ɓangaren hagu tun ranar da ya sha dakashi, ya ƙi na dama. Da na dama ya cika ya yi tauri, kan nonon ya kumbura har ya fi ƙarfin bakinsa, sai ya ƙara gudunsa. Ni kuwa ina hango shi yana tsotso yana kaɗa wutsiya, sai na ɗauka komai lafiya. A rana ta huɗu da na sa hannu, na ji wurin da zafi, akuyar ta zabura, abin da na tatso kuma ruwa-ruwa ne mai gudaji. Likitan dabbobi ya yi mata magani ta warke, amma wannan ɓangaren bai sake kawo madara kamar da ba. Tun daga ranar nake taɓa kowace hantsa da hannu safe da yamma daga ranar haihuwa, ina kwatanta dama da hagu, duk ɓangaren da aka bari a cike kuma in rage shi ko da lokacin tatsar uwar bai yi ba.

Abu na biyu ya fi ci mini rai, domin tushensa kwaɗayinmu ne. Akwai lokacin da masu sayen madara suka yi yawa, muka riƙa tatse iyayen ƙarƙaf kafin mu sako 'ya'yan da suka kwana da yunwa. Ɗan akuya mai jin yunwa yana zungurar hantsa da ƙarfi, yana kuma jan kan nono da ƙananan haƙoransa masu kaifi, musamman idan tagwaye ne suna kokawa a kan abin da bai ishe su ba. Waɗannan 'yan tsage-tsage da ido ke rainawa su ne mashigar ƙwayoyin cuta, ciki har da wadda ake kira Staphylococcus aureus. Idan ta yi muni, hantsar takan bar zafi ta koma sanyi, ta yi shuɗi-baƙi, akuyar ta daina ci da tuƙa, kuma tana iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Wadda ta tsira sau da yawa wannan ɓangaren yakan ruɓe ya faɗi. Na ga haka sau ɗaya, kuma ba na fatan sake gani. Bayan wannan muka koma bar wa 'ya'ya kasonsu a hantsa, muka kuma sa musu harawa mai laushi da dusa da ruwa a inda suke kwana. Yunwar tana da wata illa kuma: ɗan da bai ƙoshi ba yakan saci nonon uwar wani, ya kwashi cuta daga wannan hantsa ya kai waccan.

Haka nan na koyi duba leɓunan 'ya'yan kamar yadda nake duba iyayen. Ƙurajen nan masu ɓawo da ke fito musu a gefen baki suna komawa kan nonon uwa, zafi ya sa ta hana su sha, madara ta taru, kumburi ya biyo baya. Suna kama hannun mutum ma, don haka ba na taɓa su sai da safar hannu.

Game da tatsar kanta, ƙa'idar ba ta da tsawo, sai dai tana son dagewa. Ana wanke hannu da sabulu, a goge kan nono da tsumma mai tsabta wanda ba a goga wa wata akuya ba, a tsiyaya ɗigon farko a baƙin kofi domin gudaji ya fito fili. Ana matsa kan nono ne daga sama zuwa ƙasa, ba a jan sa. Bayan an gama sai a tsoma shi cikin ruwan aidin da aka haɗa don wannan aiki. Ƙofar nonon takan kasance a buɗe kamar minti 30 bayan tatsa, shi ya sa muke zuba wa iyayen harawa nan take domin su tsaya a tsaye, kada su kwanta cikin danshi da kashi, musamman da damina. Wannan jinkirin yana ba maganin damar bushewa kafin 'ya'yan su zo su lashe shi.

Wani kuskure da na yi shi ne auna akuya da ma'aunin saniya. Da na fara amfani da ruwan gwajin ciwon hantsa da ake kira na Kalifoniya, wanda ake haɗawa da madara ya yi kauri idan ƙwayoyin jiki sun yi yawa a cikinta, na zargi lafiyayyun awaki da ciwo. Ashe madarar akuya bisa halitta ta fi ta saniya yawan irin waɗannan ƙwayoyi, musamman a ƙarshen shayarwa. A Amurka ma iyakar da aka yarda da ita ga madarar awaki miliyan 1.5 ce a kowane mililita, ta shanu kuwa 750,000. Gwajin ya fi amfani idan aka kwatanta ɓangarori biyu na akuya ɗaya, bambancin da ke tsakaninsu shi ne abin lura.

Akuyar da ta kamu ita muke tatsa a ƙarshe, madararta kuma ba ta shiga ta sayarwa sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar magani sun cika. Akuyar nan ta farko tana nan a garken. Bara ta haifi tagwaye, kuma saboda ɓangarenta na dama ya raunana, sai da muka riƙa ƙara wa ƙaramin madara da kwalba har aka yaye su suna wata 3.