Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Da Aikin Gini Ya Tsaya a Sifaniya

Makon jiya mun tsaya inda aiki ya kankama. To, a 2008 harkar gini ta durƙushe a Sifaniya, kuma mu baƙi aka fara sallama. Baffa, Allah Ya jiƙansa, ya sha gaya mini: "Ɗana, baƙo raɓa ne." A shekarar na ga abin da yake nufi.

Abin da 'yan gida ba su gane ba shi ne, takardar zama a jikin aiki take. In ba ka zuba kuɗin inshorar ma'aikata ba, sabunta ta sai ya gagara. Mutum ya shigo ta halal, ya yi shekaru ana yankar albashinsa, a wayi gari ba shi da takarda. Kuɗin rashin aiki kuwa, komai daɗewarka, ba ya wuce shekara 2.

Sai layin taimako a Cáritas, ƙungiyar agaji ta cocin Katolika, da Red Cross. Da, kusan duk mu ne a layin. Daga baya 'yan ƙasa suka cika shi. Na ga wani dattijo da muka yi aiki tare, hannunsa duk kanta irin nawa, ya sunkuyar da kai don kada mu haɗa ido. Ban ga laifinsa ba. A 2013 marasa aiki sun haura miliyan 6. Amma a layin wata ta ce mu ne muka cinye rabonsu. Mu da muka gina gidajen! Raɓa, in ji Baffa.

A 2012 gwamnatin Firaminista Mariano Rajoy ta janye katin asibiti daga marasa takarda, ban da yara, masu ciki da larurar gaggawa. Abokin ɗakina mai ciwon suga ya koma raba maganinsa biyu don ya kai wata. Sai 2018 aka dawo da haƙƙin. Lokacin ƙafarsa ta riga ta lalace.

A wannan halin ne Yaya ke yawo a dangi wai na samu duniya na manta da zumunci. Yaya, ki yi haƙuri, yau zan faɗa: kuɗin aikin idon Inna rance na ci, kuma ke ma kin sani. Baffa kaɗai ke bugo waya ya ce, "Ka ci abinci kuwa?"

Yadda na biya rancen, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.