Taraktocin Antaktika da wayar da Baba ya mayar mini

Laraba. Sanyin hunturu ya sa motar Yaya ta ƙi tashi da asuba, sai da muka tura ta ni da Auta har bakin masallaci. Shago ba laifi. Wake ya ƙara kuɗi.

Abin da ya tsaya mini a rai bayan la'asar ya faru. Auta ya shigo da bidiyo a wayarsa: taraktoci masu ƙafa irin ta katafila, a jere, suna jan manyan jakunkunan mai baƙaƙe da aka shimfiɗa kan faifan roba, suna sulɓi a kan ƙanƙara. Ayarin Amurkawa ne a Antaktika, masu kai mai daga sansanin McMurdo zuwa tashar Amundsen-Scott da ke ƙuryar kudancin duniya, tafiyar kusan kilomita 1,600. Baba na kan tabarmarsa, ya ji ƙarar inji ya ce a miƙo masa. Ya kai wayar dab da ido, ya matsar da ita, ya sake kawowa. Sai ya miƙo mini. "Ungo, faɗa mini abin da ke ciki."

Na zauna. Tambayarsa ta farko kan mai ce: ai man gas daskarewa zai yi a wannan sanyin, da me suke tafiya? Na ce irin man jirgin sama suke zuba wa injinan. Ya gyaɗa kai. Gudu fa? Na ce wajen kilomita 8 a awa, suna cin sama da mako uku kafin su isa, kuma sai sun hau gangaren ƙanƙarar Leverett har su kai tudun da tsayinsa ya doshi mita 3,000. Ya yi dariya, ya ce ko ranar da ya fi cika tanki daga matatar Kaduna zuwa Maiduguri bai taɓa rarrafe haka ba. Suna da yaran mota? Na ce a'a, Baba, a cikin direbobin akwai makanikai, abin da ya lalace su suke gyarawa a inda ya lalace. Gidan kwanansu da kicin ma a kan faifai ake jan su. Ranar ba ta faɗuwa a watannin tafiyar, agogo ne ke ce musu dare ya yi.

Da na zo maganar ramukan ne ya gyara zama. Ƙanƙarar na tsagewa ta yi rami mai zurfi, dusar ƙanƙara ta rufe bakinsa, sama lafiya lau. Don haka wata ƙaramar mota ce ke gaba, da na'urar rada a kan doguwar sanda tana leƙa abin da ke ƙasa kafin manyan su taka. Ya yi shiru ya ce, "Wancan na gaban shi ne direba. Ran kowa a idonsa yake." Sannan a hankali, "Ni ma da idon nan na nan…"

Wayata ta yi ƙara, mai kawo kaya ne. Na ce Baba ina zuwa. Maganar minti biyu ce, amma na tsaya a zaure har aka kira magariba. Na san abin da ya sa: ban iya jin ƙarshen maganar ba. Shekara nawa mutumin nan yana tuƙa tanka cikin dare don mu ci mu yi karatu, yau hoton mota a waya ya gagare shi gani, ni kuma na bar shi da rabin magana a baki.

Umma ta ce bayan isha'i ya sa ta ciro masa tsohon lasisinsa daga akwati, ya riƙe, bai ce komai ba.

Na yi wa Yaya magana, gobe zai zo da igiyar da za mu haɗa wayar da talabijin. Zan jawo masa kujera kusa, in kashe wayata.