Yadda ciwon maƙogwaro ya bar min gudan jini a wuya

Da farko na ɗauka mura ce. Kwana shida maƙogwaro yana min ciwo, ina shan maganin zazzaɓi ina ci gaba da harkokina. A rana ta bakwai gefen hagu na wuyana ya kumbura, in na taɓa sai in ji wani abu a miƙe kamar igiya, ga rawar ɗari. Juya kai ma ya gagara.

A asibiti aka yi min sikanin wuya, aka ga jini ya daskare a babbar jijiyar da ke dawo da jini daga kai zuwa zuciya. Ni tsammanina magani za a rubuta a sallame ni, sai likita ta zauna ta shiga jero tambayoyi. An taɓa sa min roba a jijiyar wuya, irin ta masu wankin ƙoda? An yi min tiyata kwanan nan? Ina ramewa ba dalili? Akwai mai daskarewar jini a dangi? Har allurar maye ta tambaya, raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba.

Daga baya na gane dalilinta. Jini ba kasafai yake daskarewa a wannan jijiya haka kawai ba. Ko dai an ji wa bangon jijiyar rauni, kamar yadda robar ke yi, ko wani ƙari ya danne ta gudun jini ya ragu, ko jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa, abin da ciwon daji ke haddasawa. Nawa ƙwayar cuta ce daga maƙogwaro ta ratsa zuwa jijiyar. Ana kiransa ciwon Lemierre, da sunan likitan Faransa da ya bayyana shi a 1936, kuma matasa masu lafiya ya fi kamawa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gudan na iya ɓallewa ya tafi huhu. Ni kuwa kwana biyu na yi ina murza wurin da hannu, wai kumburin ya sauka! Da na faɗa mata, shiru ta yi tana kallona.

Makonni na yi a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta, da farko ta jijiya, sannan wata uku ina shan na hana jini daskarewa. Yanzu in ciwon maƙogwaro ya wuce kwana uku da zazzaɓi, ba na jiran wuya ya kumbura.