Tsohuwar kwabar da anka so a ba masu ƙosai

Watan da ya wuce wani Alhaji daga Mabera ya aiko yaronshi da a-kori-kura, an ɗauro wata doguwar kwaba ta katako a baya, irin wadda Turawa ke ce ma saidbod, wai in duba in tana gyaruwa, in ba ta yi a ba masu tuyar ƙosai su hura wuta. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Fenti mai ƙyalli anka lafta mata har hawa ukku, ƙafa guda ta karye, amma da munka zo sauke ta mu huɗu muna nishi na ce ma yarana ku bi a hankali, wanga nauyi ba na banza ba ne.

Ni in anka kawo min tsohon kaya ba fuska nike dubawa ba, durowa nike zarowa in juya. Ta wagga kwaba haɗin gefenta haƙora-haƙora ne sun shige juna, babu ƙusa ko ɗaya, kuma haƙoran ba su zo daidai ba, wani ya ɗara wani kauri, har layin da kafintan ya ja kafin ya sa zarto yana nan bai goge ba. Aikin hannu ke nan. Na inji ko, duk kai ɗaya za ka gan su kamar an buga hatimi. Sukurorin kuma masu tsaga guda ne, ba masu kuros ba, su masu kuros sai wajen 1930 da wani abu sunka fito. Da na kankare fentin ta ciki da bakin wuƙa sai ga jan katako ya leƙo, maɗaci ne tsantsa.

Ga wanda bai san ta ba, saidbod kwaba ce doguwa wadda tsayinta bai wuce ƙugu ba sosai, ƙofofi a ƙasa, durowoyi na cokula, sama kuma shimfiɗe don a jera abinci. A Ingila ta yi tashe tun ƙarshen shekarun 1700, ana jingina ta da bangon ɗakin cin abinci. Mu nan ko da ba kowa ke cin tuwo bisa tebur ba, ta shige mu tsaf. Da azumi ka ga an jera kuloli da filas da kwanon dabino da jug ɗin kunu a kai, tangaran ɗin Hajiya na ciki ƙura ba ta taɓa su ba, ai dainin ya cika dainin.

Waɗanda ke faɗowa hannuna a Sakkwato iri biyu ne. Akwai na tsofaffin gidajen gwamnati na GRA, aikin kafintocin PWD, wato ma'aikatar ayyuka ta gwamnati ta da, marasa ado amma kamar dutse, da yawa gwanjo ya fidda su sunka watsu gidajen mutane. Sai kuma na Turai masu siraran ƙafafu, na shekarun 1950 da 1960, aikin Denmark ko na kamfanin G Plan na Ingila da ya fara a 1953, su launinsu kamar zuma, icen tik. Masu harkar a can sai abu ya kai shekara 100 suke kiranshi antik, wanda bai kai ba su ce bintej, ni dai duk tsohon kaya nike ce musu. Amma a kula da na Turan nan, mafi yawansu fallen tik ne siriri anka manna bisa wani katakon, yaro ya ɗora injin goga minti biyu ya huda shi, shi ke nan an kashe kwaba. Na ga wadda anka yi ma haka, mai ita har ƙwalla ta yi, ni ma ba yadda na iya.

Ina ɗan shekara 12 mahaifina ya kai ni wurin maigidana can wajen Tsohuwar Kasuwa, Allah Shi jiƙan su duka. Shekara biyu ban taɓa zarto ba, daga sanfefa sai dafa gam na fata cikin gwangwani bisa gawayi, warin nan har gida yake bi na. In na gama goge katako na kai mishi, ba ya ko kallo, rufe ido yake ya bi da tafin hannu, sai ka ji "kai yaro, nan fa?" In ce Baba ai ya yi sumul, ya kama hannuna ya ɗora daidai wurin, sai in ji ɗan tudu kamar ƙwayar gero. Shi ya nuna min dalilin da ya sa mutanen da ba su manne allon ƙofa da gam, cikin rami suke zura shi ya zauna sake, don katako numfashi yake, da damina ya kumbura da hunturu ya tsuke. Wanda bai san wannan ba ya matse shi da ƙusa, iskar Janairu ɗaya ta tsaga mai ƙofa gida biyu.

To ka ga duk wannan, sai wata ta shigo shago ta zagaya kwabar da na yi wata guda a kanta, ta ce "haba Malam, tsohuwa ce fa, na ga sabuwa dal a kasuwa rabin kuɗin nan, har da madubi". Hajiya wancan MDF ne, garin katako ne anka matse da gam anka lulluɓe da leda. A yi mopin ruwa ya taɓa ƙasanshi sau biyar ya kumbura kamar burodi, zafin Afrilu namu da ke haura 40 ya ɗaye ledar, ranar da anka tashi ƙaura kuma sukurori su zube ba su sake kamawa. Ba na hana kowa saye, kowa da aljihunshi, amma don Allah a daina haɗa su a baki. Abin da ya fi ƙona min rai ma masu kwaikwayo, su sami sabon farin katako su dake shi da sarƙa, su shafe da man takalmi, su huhhuda da ƙaramar ƙusa wai cin ƙwaro ne, su ce daga Turai. Zaro durowa ka shinshina, tsohon katako warin ɗaki da daɗewa yake, nasu warin fenti.

Kwabar Alhaji kwana 18 muna cire fenti, da hannu, lungu-lungu. Ƙafar na sassaƙa mata sabuwa daga wani tsohon ƙyauren maɗaci da nike ɓoyo tun bara, don sabon ice launinshi ba zai taɓa zuwa ɗaya da na jikinta ba. Ban sa mata banish ɗin gwangwani ba, shalak, wani irin ƙaro mai sa katako ƙyalli, na jiƙa cikin sifirit, na ɗaure auduga a tsumma ina zagayawa hawa bisa hawa, a bari ya sha iska a sake, har sai da zanen icen ya taso kana ganin inuwar fuskarka ciki-ciki. Jiya ya zo da kanshi, ya daɗe tsaye bai ce komi ba, sannan ya buɗe durowar tsakiya ya ce nan mahaifinshi ke aje rediyo da tabarau. Maganar masu ƙosai dai bai sake tada ta ba.

Abu guda ya rage, marikin durowa na tagulla guda ya ɓace, biyar ke akwai maimakon shida, mai siffar rabin zobe. Na zagaya wurin 'yan gwangwan ban dace ba, kuma na rantse ba ni sa mata na roba mai ruwan gwal. Duk wanda ke da tsohuwar kwaba ko akwati da ya lalace a sito ya duba min, in ya samu ya biyo shago da shi, ko da ya yi baƙi ƙirin ne, lemun tsami da toka za su fiddo shi.