Layin 33 da bai tsallako titi ba

Duk dillalin da ya ce maka "gidan nan a kan layin 33 yake," wato babban layin wutar lantarki, ka tsaya ka tambaye shi: gidan ne a kan layin, ko kuwa layin ne ya bi ta ƙofar gidan ya wuce abinsa? Ni sai da na zube kuɗin hayar shekara guda a Kano kafin na san akwai bambanci, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Aikina a kwamfuta yake. Fassara da gyaran rubutu nake yi wa wani kamfani a Amurka, ba ofis, ba mai tambayata inda na kwana muddin aiki ya isa a kan lokaci. Shi ya sa nake yawona ni kaɗai. Na zauna a Jos don sanyinta, na taɓa Kaduna, sai a ƙarshen daminar 2024 na ce bari in zo Kano in daɗe, tunda Hausar Kano ake nema a yawancin abin da ake turo min, ita kuwa a bakin masu ita ake ɗaukarta.

Kafin maganar wuta, sai da na sha fama da maganar aure. Gida bayan gida, a gama duba ɗaki lafiya lau, a zo gaban mai gida, tambayar ɗaya ce: "Malam, ina iyalin?" Da ka ce tukuna, sai Alhaji ya gyara zaman hularsa ya ce, "Allah ya kawo ta gari, amma gaskiya ba ma ba wa gwauro." Wanda ya ɗan sassauta sai ya ɗora da, "To a ina ofishin naku yake?" Ka ce a intanet kake aiki, ka ga fuska ta canja. Saurayi shi kaɗai, ba ya fita da safe, yana kwana a gaban kwamfuta: ba sai an furta ba, ka san ɗan Yahoo ake zargi. Ban ga laifinsu sosai ba, suna da 'ya'ya a gidajen nan. Amma abin yana gajiyar da mutum, kuma dillalai sun san yana gajiyarwa. Sun san duk gwauron da aka kora daga ƙofa da yawa, ranar da aka ce masa "to, shigo," ba zai tsaya dogon bincike ba.

Ba zan faɗi sunan unguwar ba, mutanenta ba su yi min komai ba sai alheri. Ciki da falo ne, banɗaki a ciki, tayil, ga bohol da tanki a sama. Da hantsi dillalin ya kai ni. Muna shiga ya danna makunni, fanka ta kama juyawa. Ya ja ni waje ya nuna min dogayen turakun nan da suka bi bakin titi, ya ce, "Yallaɓai, gani ya kori ji. Layin 33 ke nan, nan ba su san ɗauke wuta ba." Turakun dai ga su, ba ƙarya ya yi a kansu ba. Na biya shekara, na biya la'adarsa kashi 10 cikin 100, na biya kuɗin takarda.

Ranar da na tare, ana sallame Magariba wuta ta tafi. Na leƙo waje: ɓangarenmu duhu ɗunɗum, tsallaken titi kuwa gidan mai da jerin shaguna sai ƙyalli suke, har ina iya karanta allon mai sayar da magani daga ƙofar gidanmu. Baba mai gadi yana zaune a kan benci da 'yar rediyonsa. Na ce, "Baba, lafiya tamu ta tafi ta bar tasu?" Ya yi dariya ya ce, "Ai ɗana, su ne a kan 33, suna da taransifomarsu ta kansu. Mu tamu ta yi wa unguwa kaɗan. Da kowa ya dawo gida ya kunna kaya, sai a raba, yau wannan lungu, gobe wancan. Da safe dai kam ana samu."

Da safe ana samu! Ni me zan yi da wutar safe? Tsakaninmu da gabashin Amurka awa 5 ne, daga Nuwamba zuwa Maris kuma in sun mayar da agogonsu ya zama 6. Ƙarfe goman safiyarsu ƙarfe ukun yammarmu ne, ko huɗu. Lokacin da suke tashi daga aiki mu goman dare ta yi, ko sha ɗaya. Wato aikina daga La'asar yake kankama ya ratsa Magariba da Isha'i, daidai lokacin da taransifomarmu take durƙushewa. Dillalin bai san agogon Amurka ba, amma ya san sa'ar da fanka take juyawa a gidan nan, kuma a sa'ar ya kawo ni.

Yadda abin yake, layin 33 babban layi ne da ke ɗauko wuta daga babbar tasha zuwa ƙananan tashoshi, a can a sauke ta zuwa layin 11, shi kuma ya rarraba wa taransifomomin unguwanni. Masana'anta ko otal ko rukunin shaguna da suka sayi taransifomarsu suka jona kai tsaye a kan 33, su ne suke shan daɗi. Wucewar wayar ta saman katangarka ba ta ƙara maka komai.

Abin da ya fi ƙona min rai, akwai hanyar ganewa cikin minti biyu, sai daga baya wani mai gyaran wuta ya koya min. An kasa masu amfani da wuta rukuni-rukuni: Band A alƙawarinsu aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin Band A zuwa Naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage ya dawo 200 da 'yan kai, sauran rukunan kuwa nasu bai kai rabin haka ba. To ka ce a nuna maka rasidin katin mita na ƙarshe, ka raba kuɗin da yawan yunit ɗin da aka samu. In ya fito da araha, kada ka yi murna, arahar nan ita ce duhun. Ko da ya fito Band A ɗin ma, alƙawari ne a takarda, amma aƙalla ka san ba tatsuniyar dillali ba ce. Dukanmu uku, ni da dillalin da mai gida, mun tsaya a gaban mitar nan ranar biyan kuɗi, ba wanda ya ce uffan.

Na koma wa dillalin. Ko a jikinsa. "Yallaɓai, ai ni unguwar na ce, ban ce ɗakin ba." Na je wa Alhaji, ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo min ruwa, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, kuɗin nan ya riga ya shiga siminti."

Rashin wuta ba shi kaɗai yake zuwa ba. Bohol da wuta yake aiki, in ta safe ba ta zo da ƙarfi ba famfo ba ya tashi, tanki ya ƙafe, sai ka koma jiran kurar 'yan ga-ruwa. Na sayi ɗan ƙaramin janareton nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai. Kwamfuta da na'urar intanet da fanka ɗaya ba su fi ƙarfinsa ba, amma a watan Oktoban 2024 ne litar fetur ta haura Naira 1,000. Ga ƙara. Ina cikin taro wata abokiyar aiki ta tambaye ni ko a kan babur nake. In goman dare ta wuce kuma sai Hajiyar da muke katanga ɗaya ta aiko yaro: "Wai in ji Umma, don Allah a taimaka, jariri ya kasa barci." Me za ka ce? Sai ka kashe. A irin wannan daren batirin kwamfuta ya mutu ina tsakiyar miƙa wani babban aiki, kafin gari ya waye an ba wa wani. Asarar daren nan kaɗai ta fi la'adar dillalin.

Sai kuma ga babban duhun ƙarshen Oktoban 2024. An riga an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan layin da ke kawo wuta Arewa ta Binuwai shi ma ya faɗi, jihohin Arewa suka yi fiye da mako a duhu. Tsallaken titi ma ya mutu. Allah ya yafe min, daren farko na ɗan ji sanyi a raina da na ga allon mai maganin ya daina haske. A makon nan ba wanda ya tsira sai mai sola. Masu cajin waya suka ƙara kuɗi, ƙanƙara ta zama abin nema, sabis ma ya riƙa rawa. Wani abokina mai shago a kasuwar waya ta Farm Centre ya taimake ni da kujera da soket da rana, da yamma kuma in koma ofishin wani ɗan'uwansa a Zoo Road. Nan wata matsalar ta ɓullo: komawa gida. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano tun 2013, a 2022 kuma aka sa dokar hana adaidaita sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Ga ƙwacen waya da kowa ya sani. Ka tsaya bakin titi ƙarfe sha ɗaya da kwamfutarka a jaka, wadda ita ce gonarka ita ce kasuwarka, ka ji yadda zuciya take bugawa. Sau da yawa a kan dardumar ofishin na kwana.

Fitata daga gidan ta zo ne ta hanyar da ta ba ni dariya. Wani saurayi a masallacin unguwa yana shirin aure yana neman wurin da zai ajiye amarya. Na kai shi wurin Alhaji, Alhaji har da sa albarka, ga shi zai rabu da gwauro ya samu mai iyali. Aka dawo min da wani abu daga cikin kuɗina, kaɗan-kaɗan. Na faɗa wa angon gaskiyar wutar tun kafin ya biya, ya ce shi da safe yake guga ya fita kasuwa, ba ruwansa. Gidan ba shi da aibi, ni ne bai dace da ni ba, kuma wanda ya ci la'ada ya san haka.

Yanzu ina Tarauni, a ɗaki mai kayansa da ake biya wata-wata, da sola da inbata. A ido yana da tsada, kuɗin wata ɗaya ya ninka na wancan. In ka haɗa fetur da ruwan jarka da aikin da ya kuɓuce, wancan ne mai tsadar. Kuma mai yawo shi kaɗai bai kamata ya ɗaure kansa da shekara ba a garin da bai kwana a unguwanninsa ba. A Nassarawa da Bompai da wajejen Zoo Road ana samun irin waɗannan ɗakunan, masu su kuma sun saba da baƙi, ba sa tambayar ina iyali.

Kafin na karɓi wannan, tsakanin Magariba da Isha'i na je, ba tare da kowa ba. Na taka layin da ƙafa ina ƙirga rumfunan masu cajin waya. In sun yi yawa a unguwa, an gama ba ka amsa. Na zauna wurin tela na tambaye shi yaushe rabon da ya tayar da janareto, na tambayi mai ƙanƙara ko a nan yake daskarar da ita ko sarowa yake daga wani wuri. Su ba su da la'ada a kaina. Na shiga ɗakin na rufe ƙofa da taga, na kira wani ta bidiyo da layukana biyu ɗaya bayan ɗaya, don sabis na bakin get daban, na ƙuryar ɗaki daban. Na koma ranar Asabar da dare saboda gidajen biki, wani lungun lafiya lau yake har sai DJ ya kunna.

Solar ma kada ka tsaya a "akwai sola." Ka ce a nuna maka baturan, ka tambayi ɗaki nawa ne suke rabawa, kuma ko suna riƙe fanka har Asuba. A hunturu kowane batiri jarumi ne, sai dai ƙura tana rufe faifan, in ba a wankewa caji ya ragu. Gwajin gaskiya sai Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, kowa ya kunna fanka dare da rana. Azumin 2025 a Maris ya faɗo, na yi shi a nan, da na ɗauki ɗakin sama mai kallon yamma da aka fara nuna min da na gane kurena. Na ƙasa na zaɓa, wanda inuwar darbejiya take rufe wa taga. Kwamfuta ma ba ta son zafin nan, tana fara nauyi tana huci tun kafin kai ka gaji.

Maganar zargi kuwa, a makon farko na roƙi mai gidan ya raka ni wurin mai unguwa. Na tafi da takardar kwantiragina da katin ɗan ƙasa, na yi masa bayanin abin da nake yi da dalilin da za a riƙa ganin fitilata cikin dare. Ya duba, ya ce, "To Malam, ai kai malamin fassara ne, sannu da zuwa." Ina fita jam'i a masallacin layin, ina sayen shayi wuri ɗaya. Bayan ɗan lokaci har takardun asibiti da na makaranta maƙwabta suke kawo min in karanta musu, wata tsohuwa ma ta fara yi min tayin jikarta.